Daga Rijiyoyin Dagauda Zuwa Marmaron Wikki: Labarin Ruwan Da Ke Gudu A Ƙarƙashin Ƙasa

Hausawa sun ce ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba. Da wuya a sami inda gaskiyar wannan magana ta fi fitowa fili kamar arewacin Jihar Bauci, watau ƙasashen Katagum da Misau da Jama'are. Mutumin Dagauda, cikin Ƙaramar Hukumar Dambam, ko mutumin Azare, ya san cewa da zarar damina ta ɗauke, kaka ta wuce, sai koguna su janye su bar yashi fari fat. Amma kuma ya san idan aka tona yashin nan kamu kaɗan sai ruwa ya tsattsafo, idan kuwa aka haƙa rijiya aka yi haƙuri, ba a rasa abin da guga zai ɗebo. Ya tabbata akwai ruwa a ƙarƙashin sawunsa, sai dai bai taɓa ganinsa yana gudu a can ciki ba.

Dalilin haka kuwa shi ne irin ƙasar da Allah ya shimfiɗa a wannan yanki. Tana cikin abin da masana su ke kira Kwarin Tafkin Cadi, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta rairayi da yumɓu, hawa bisa hawa. Ruwan sama yana nutsewa ya zauna a tsakanin ƙwayoyin rairayi, kamar yadda ya ke zama cikin soso, ba ya samun wani fili da zai taru ya zama kogi. To, amma akwai sassan duniya inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fafe dutse ya yi wa kansa hanya, har mutane suna biyan kuɗi a yi musu jagora su shiga su yi iyo a ciki. A Jihar Bauci kanta ma akwai wani marmaro da ya ke fitowa daga gindin dutse, wanda sunansa ya kai ƙasashen waje.

RIJIYOYIN DA BA MUTUM YA HAƘA BA

Wurin da ya fi ko'ina suna a kan wannan sha'ani shi ne Yukatan, wani zirin ƙasa a kudu maso gabashin Meksiko, ƙasar da ke maƙwabtaka da Amurka ta kudu. A arewacin Yukatan mutum ya kan yi tafiya mai nisa bai ƙetare kogi ko ɗaya ba, alhali kuwa ana ruwan sama sosai. Ƙasar wurin duk farin dutse ne, irin wanda a ke haƙowa a Ashaka ta Jihar Gombe da Kalambaina ta Sakkwato domin yin siminti. Shi wannan dutse ruwan sama yana cinsa sannu a hankali. Cikin dubban shekaru sai ƙananan tsagogi su zama ramuka, ramuka su zama koguna na dutse, ruwa ya cika su yana tafiya a ɓoye har ya faɗa teku. Inda rufin kogon ya yi rauni sai ya rufta, a ga wata ƙatuwar rijiya ta buɗe baki, ruwanta garai-garai har ana hango ƙasansa. Irin wannan rijiya ita a ke kira senote, kalmar kuwa daga harshen Maya, mutanen ƙasar na asali, aka samo ta. An ƙidaya fiye da 6,000 a Yukatan.

Ga mutanen Maya waɗannan rijiyoyi su ne rayuwa ɗungum, sabo da su ne babbar hanyarsu ta samun ruwan sha. A bakinsu suka kafa birane. Sunan shahararren birnin nan nasu na dā, Cicen Itza, ma'anarsa bakin rijiyar mutanen Itza. A zamanin jahiliyyarsu sun ɗauki wata babbar rijiya ta birnin wurin tsafi, suna jefa sadaukarwa ga abin da su ke bauta wa domin neman ruwan sama. Daga shekarar 1904 wani Ba'amurke mai suna Edward Thompson ya yi ta yasar rijiyar, ya fito da zinariya da duwatsu masu daraja da tukwane, har da ƙasusuwan mutane.

Gwanayen kurme masu shiga da tukunyar iska a bayansu sun shafe shekaru suna bin waɗannan hanyoyi suna aunawa. A watan Janairu na 2018 suka gano mahaɗar wasu manyan hanyoyi biyu kusa da garin Tulum, watau Sak Aktun da Dos Ohos, tsawonsu gaba ɗaya ya kama kilomita 347. Wannan ya fi nisan Kano zuwa Kaduna da fiye da kilomita 100, kuma duk a cikin duhu, cikin ruwa. Daga baya ma wata hanyar a wannan yanki, mai suna Osh Bel Ha, ta zarce wannan tsawo. A shekarar 2007 kuwa, cikin wani rami mai zurfi da aka laƙaba wa suna Baƙin Rami, an tarar da ƙasusuwan wata yarinya wadda masana suka ƙiyasta ta rasu shekaru 12,000 zuwa 13,000 da suka wuce, lokacin da kogon bai cika da ruwa ba.

YADDA A KE JAGORANCIN BAƘI

Abin lura ga mai karatu shi ne yadda mutanen wurin suka mai da wannan baiwa sana'a mai tsari. A wuraren da aka fi kulawa, baƙo ba ya isa kawai ya tuɓe ya faɗa ruwa. Da farko sai ya yi wanka a famfo, a wanke man shafawa da turare da maganin sauro daga jikinsa, domin ruwan da zai shiga shi ne dai wanda garuruwa su ke sha. Sa'an nan a ba shi riga mai hana nutsewa. Idan kogon mai duhu ne, kamar wanda a ke kira Riyo Sekreto kusa da garin Filaya del Karmen, sai a ƙara masa da hular kwano mai fitila a goshi da takalman shiga ruwa. A kan raba baƙi ƙungiya-ƙungiya, 'yan kaɗan, kowace da jagoranta.

Aikin jagora ba nuna hanya kaɗai ba ne. Shi ya san inda ƙafa ta ke taɓa ƙasa da inda ba ta taɓawa, shi ya ke ƙirga mutanensa a shiga, ya ƙirga su a fita, ya lura da wanda numfashinsa ya fara sarƙewa don tsoro. Shi ne kuma mai tsaron kogon, yana hana a taɓa tsinin duwatsun nan masu lilo daga rufi, waɗanda ɗigon ruwa ya gina cikin ɗaruruwa da dubban shekaru, hannu ɗaya kuwa ya isa ya karya su cikin ƙiftawar ido. Yana kuma ba da tarihin wurin, abin da ya sa baƙo ya kan fito da ilmi, ba da jiƙaƙƙen wando kaɗai ba.

Masu kurme da tukunyar iska dokokinsu sun fi tsanani. Ba a shiga sai da igiya wadda aka shimfiɗa tun daga bakin kogo, domin idan laka ta tashi mutum ba ya ganin tafin hannunsa, igiyar ce kaɗai za ta fitar da shi. Ana raba iskar tukunya kashi uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya a ajiye don ɓacin rana. Kowane mutum ya kan riƙe fitilu uku. A bakin wuraren da suka fi haɗari an kafa alluna masu gargaɗin cewa wanda bai sami horo ba kada ya wuce nan, gama an sha yin hasarar rayuka. Duniya ta ga misalin haɗarin kogo da ruwa a ƙasar Tailan, inda yara 12 'yan ƙwallo da mai koyar da su suka shiga kogon Tam Luwang ran 23 ga watan Yuni, 2018, ruwan damina ya rufe musu hanya. Ba a gan su ba sai ran 2 ga Yuli, ba a gama fito da su ba sai ran 10 ga wata, kuma ɗaya daga cikin masu ceto, Saman Kunan, a nan ya rasa ransa.

Da yawa daga cikin rijiyoyin nan a filayen jama'ar ƙauyuka su ke, su ne kuma masu karɓar kuɗin shiga. A ƙauyen Yokzonot wata ƙungiyar haɗa kai, wadda yawancinta mata ne, ita ta share rijiyar garin ta gyara ta, ta ke kuma gudanar da ita. Sai dai inda riba ta ke, nan ɓarna ta ke biyowa. Ƙazantar manyan otal-otal da ta gidajen kiwo tana tsiyaya cikin dutsen nan mai ƙofofi ta gauraye da ruwa. A garin Homun sai da yara 'yan Maya suka kai ƙarar wani ƙaton gidan kiwon alade, kotu ta dakatar da shi a 2018. Hanyar jirgin ƙasa ta Tiren Maya, wadda aka buɗe sashenta na farko a watan Disamba na 2023, ita ma ta jawo ƙorafi mai yawa sabo da ginshiƙan ƙarfe da siminti da aka kafa suka huda rufin wasu koguna tsakanin Kankun da Tulum.

MARMARON WIKKI

Mai tasowa daga Azare ko Dagauda ba sai ya ƙetare teku ba kafin ya ga ruwa yana fitowa daga cikin dutse. Sai ya bi ta Misau da Darazo ya shiga Bauci, ya kama hanyar Gombe, a Dindima ya ratse ya nufi ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofar Gandun Namun Daji na Yankari ta ke, cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri. Daga ƙofa akwai sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai cikin daji kafin a isa sansanin Wikki.

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta amince da kafa wannan gandu a 1956, aka keɓe shi a ƙarƙashin En'e ta Bauci, aka buɗe shi ga jama'a ran 1 ga watan Disamba, 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun ƙasa, a 2006 kuma aka mayar wa Gwamnatin Jihar Bauci. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. A cikinsa akwai giwaye, waɗanda garkensu yana cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya, da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da dorina da mugun dawa, ga tsuntsaye iri fiye da 350.

Daga sansanin a kan gangara ta matakala zuwa wani kwari mai inuwar manyan itatuwa. A nan, daga ƙarƙashin wani tsayayyen dutse mai ruwan ja, ruwa ya ke ɓulɓulowa ba dare ba rana. An auna abin da ya ke fitarwa ya kai lita miliyan 21 kowace rana. A bakin marmaron faɗinsa wajen mita 13 ne, zurfinsa kuwa ya kusa mita 2, watau ya shanye tsayin yawancin mutane. Daga nan sai ya yi ta raguwa yana bin farin yashi har ya zama wanda yaro zai tsaya a ciki, ya gangara ya shiga kogin Gaji. Tsabtarsa ta kai mutum ya hangi yatsun ƙafarsa a ƙasa.

Abin da ya fi ba baƙi mamaki shi ne ɗuminsa. Ko da sanyin hunturu, ko da zafin bazara, ko da tsakar dare, yana nan a kan digiri 31 da ɗigo 1, ba ya hawa ba ya sauka. Asirin abin shi ne cikin ƙasa yana da zafi, kuma zafin yana ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ɗaya ta zurfi. Ruwan saman da ya sauka a dajin yana ratsa dutsen rairayi ya yi ƙasa sosai, ya tace, ya ɗumama, sa'an nan ya sami tsaga ya hauro. Ke nan bambancinsa da senote shi ne, can farin dutse ne ruwa ya narkar ya yi ɗakuna, nan kuwa dutsen rairayi ne ruwa ya ke bi ta ƙofofinsa da tsagoginsa, don haka ba kogon da mutum zai bi da iyo ya yi nisa. Ban da Wikki akwai wasu marmaro masu ɗumi a gandun, kamar Dimil da Gwan, da kuma na Tungan Maliki mai sanyi.

Yankari ba ta rasa koguna na dutse ba, sai dai nata hannun mutum ne ya sassaƙa su. Akwai Kogunan Marshal, ɗakuna 59 da mutanen dā suka fafe a jikin dutse, waɗanda aka sa wa sunan P. J. Marshall, mai binciken da ya bayyana su a 1980. Akwai kuma rijiyoyin Dukke fiye da 130, masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, da aka haƙa don tara ruwa. Baƙo ba ya zuwa waɗannan wurare sai da ma'aikacin gandu a gaba, domin daji ne mai namun da ba a wasa da su. A sansanin ma sai mutum ya yi hattara da gwaggon biri, wanda ya ƙware wajen fizge abinci daga hannun wanda ya yi sakaci.

RUWA BA SA'AN KWANDO BA

Maganar jagora da rigar ruwa ba zancen masu yawon shaƙatawa kaɗai ba ne, ta shafi kowane gida a ƙasar Hausa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya cikin shekarar 2021, yara ƙanana kuwa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, a 2021, ta keɓe ran 25 ga watan Yuli na kowace shekara don faɗakarwa a kan hana nutsewa.

Jama'ar Katagum ba su manta da watan Nuwamba na 2020 ba, sa'ad da kwalekwale ya kife a kogin Buji cikin Ƙaramar Hukumar Itas/Gadau, mutum 18 suka riga mu gidan gaskiya, da yawansu yara. Shekara guda bayan haka, ran 30 ga watan Nuwamba, 2021, wani jirgin ya nutse a Bagwai ta Jihar Kano da 'yan makarantar Islamiyya a kan hanyarsu ta zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 29. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Waɗanda ba a ji su ne yaran da su ke sulalewa da rana tsaka zuwa kududdufin bayan gari, ko ramin da masu aikin hanya suka ɗebi ƙasa suka bari. Irin wannan rami gefensa a tsaye ya ke, ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa, ruwansa kuwa ja ne, ba a ganin wanda ya nutse. Wanda ya tsira da ransa ma sau da yawa ba ya tsira daga tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini, wadda ƙwayoyinta su ke fitowa daga jikin katantanwar ruwa su huda fatar mai wanka.

Alhali kuwa ƙasar nan ba ta rasa gwanayen ruwa ba. Kusan kowane gari na bakin kogi yana da Sarkin Ruwa da masunta da mafita, waɗanda suka gaji sanin halin kogi, suna ƙetare da mutane da kayansu bisa gora tun kafin zuwan kwalekwalen inji. A bukin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, Kabawa suna gasar iyo da kurme da tseren jirage a gaban dubban 'yan kallo. Ilmin yana nan, abin da ya yi ƙaranci shi ne tsara shi ya zama aiki mai albashi da horo da kayan aiki, kamar yadda mutanen Yukatan suka yi da nasu.

ABIN DA YA KAMATA A DUBA

A Wikki, ya kyautu a ce duk sa'ar da aka buɗe wurin wanka akwai horarren mai ceto a tsaye, a kuma shata iyakar wuri mai zurfi da igiya, a tanadi rigunan ruwa ga yara da waɗanda ba su iya iyo ba, musamman lokacin bukukuwan Salla da Kirsimeti da ziyarar 'yan makaranta. Ya kamata a hana sabulu da leda da kwalabe kusa da idon ruwan. Keɓe wasu sa'o'i ga mata zalla, tare da mata masu kula da su, zai buɗe ƙofa ga iyalai da yawa waɗanda kunya da addini su ke sa su tsaya a bakin ruwa suna kallo.

Tsaron dajin kansa shi ne tsaron marmaron, gama ruwan da ya ke fitowa a Wikki a dajin nan ya sauka. Idan aka sare itatuwa don gawayi, aka bar shanu suka tattake ƙasa, ruwan sama zai riƙa gudu ta bisa maimakon ya nutse. Kogin Gaji kuwa, wanda marmaron ya ke ciyarwa, shi ne mashayar giwaye da ɓauna duk tsawon rani. A 2014 Gwamnatin Jihar Bauci ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS don ƙarfafa sintirin masu gadi, kuma aikin zai fi ɗorewa idan ƙauyukan da ke kewaye da gandun suna ganin rabonsu a cikin abin da baƙi su ke kawowa.

A garuruwa irin su Dagauda da Dambam da Gamawa da Itas, ƙananan hukumomi da masu sarauta suna iya farawa da abin da ba ya cin kuɗi mai yawa. A ƙidaya kududdufai da ramukan da su ke cika da damina, a cike na cikewa, a kewaye na kewayewa. A ɗora wa Sarkin Ruwa da mutanensa alhakin hana lodin da ya wuce ƙima a mashigai, a ba su rigunan ruwa su riƙa ba fasinja. A zaɓi wuri marar zurfi mai tsabta inda gwanaye za su koya wa yara iyo a gaban iyayensu. Makarantun Azare da Misau da Dambam kuma su sa ziyarar Yankari cikin tsarinsu na shekara, domin yaron da ya tashi yana jan guga ya je ya ga inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ke fitowa da kansa, ya shiga cikinsa da rigar ruwa a jikinsa da jagora a kusa da shi, ya kuma komo gida lafiya.